Abin da Safar Baffa Ta Rufe

Ranar da muka binne Baffa, yayan mahaifina, ban ga mutum ɗaya da ya zo mana da fuskar ta'aziyya ba. Mutum zai tuɓe takalmi, ya zauna kan tabarma a ƙofar gidanmu na 'Yandoto, ya shafa fatiha, sai ya juyo ya ce, "To, ya huta." Na kusa da shi ya ɗora, "Ku ma kun huta." Wani dattijo da suka yi wasan ƙasa tare da marigayin har da gyara zama, ya ce, "Ai wanga ba abin kuka ba ne. An ɗauke mishi alƙalami tun muna samari, ba ya da hisabi. Murna za ku yi mishi." Jama'a suka ce, "Ƙwarai kuwa," aka koma hirar tsadar taki.

A cikin gida kuwa, matata ce ta ba ni labari, wata maƙwabciya ta sunkuya ta tambayi Goggo, ƙanwarsu Baba, wai da safar ƙafar tasa aka sa shi a likkafani? Mata suka rufe baki da mayafi suna dariya. Goggo ta tashi ta shige ɗaki. Ita kaɗai ce ta yi kuka a gidan nan, kukan da har zaure ana ji.

Ni direba ne, jigila nake yi tsakanin Tsafe da Gusau, ba abin da ya haɗa ni da rubutu. Abin da ya zaunar da ni, ba zan yarda "ya huta" ta zama maganar ƙarshe a kan mutumin nan ba. Ban musa abin da malamai suka faɗa game da wanda hankalinsa ya gushe ba, Allah ya tsare ni. Amma wanda suke cewa an ɗauke wa alƙalami ya fi yawancinsu riƙon azumi, kuma ban taɓa riga shi sahun asuba ba. Maganar rahama ce suka mayar tsintsiya, suka share shi da ita daga cikin mutane. Wallahi haushin wannan har yau yana cin raina.

Akwai kuma abin da masu gaisuwar ba su sani ba, ko suka sani suka yi kamar ba su sani ba. Duk zaman makokin nan, ƙanena Auta yana kulle a ɗakin da ke bayan rumbu. Saurayi ne da ya isa aure, yana taya Baba a rumfarsa ta hatsi a kasuwar Tsafe, sai ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi. Baba ya riga ya yanke magana: da an yi addu'ar uku, za a kai shi gidan wani mai magani a ƙauye bayan Bungudu, gidan da aka kai Baffa a ƙuruciyarsa. Mai maganin ya daɗe da mutuwa, ɗansa ke riƙe da gidan. Kuma a motata za a kai shi, ni zan tuƙa.

Tun da na buɗi ido na san Baffa da safa a ƙafa. Damina da safa, bazara da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa da safa, gona da safa, masallaci da safa. In zai yi alwala sai ya ɗauki butarsa ya zaga bayan zana, ya fito ƙafa a rufe. Shi ke wanke su da kansa, ya shanya a cikin ɗaki. Yaran gari Mai Safa suke ce masa, kuma duk garin an yarda ita ce shaidar haukarsa. In baƙo ya ce, "Ai wannan lafiyarsa ƙalau, yanzu muka gama hira," sai a ce masa, "Dubi ƙafarsa." Ni ma na taɓa tsokanarsa, na ce, "Haba Baffa, a wannan zafin?" Ko ɗagowa bai yi ba daga igiyar da yake tufkawa, ya ce, "Ƙafarka ce?"

Ba zan yi masa ƙarya in ce waliyyi ne ba. Bakinsa ya fi aska kaifi, kuma in ka ga ya ba ka goro to ɓarin da ya fara bushewa ne. In ciwon ya tashi kuwa, gidan ba ya zaunuwa. Ya taɓa jefa rediyon Baba a rijiya, wai labarinsa ake bayarwa a ciki. Ya taɓa ƙaurace wa tuwon Inna, mahaifiyata, wai tana zuba masa wani abu, matar da ta fi kowa kula da cikinsa. Na ga Inna tana kuka a bakin murhu saboda wannan. Da ya samu sauƙi da ƙafarsa ya je ya durƙusa mata, yayan miji guda, ya ce ta yafe masa.

Muryoyin da yake ji, kasuwa yake ce musu. In ka gaishe shi da safe ka ga ya karkata kai gefe guda, sai ya ce, "Yau kasuwa na ci, ɗana. Ɗaga murya." Wata rana kuma ka same shi da fara'a, ya ce, "Yau ta watse, zauna mu yi zance." Na taɓa tambayarsa me suke ce masa. Ya ce, "Zagi mana. Wani ya ce tashi, wani ya ce zauna, wani ya ce ƙanenka na son kashe ka. Ni dai ban saye, ban sayarwa, wucewa nike yi." Haka ya yi ta wucewa ta tsakiyar kasuwar nan tun kafin a haife ni, kullum, ba hutu. Wannan ne mutumin da aka ce ba a rubuta masa komai.

Sana'arsa tufkar igiyar rama da kiwon awaki. Duk akuyar da zai ɗaure a turke, sai ya naɗa mata tsumma a ƙafa kafin ya zarga igiya. Mutane suka samu abin dariya, wai Mai Safa ya fara sa wa awaki safa. Wata ranar kasuwa a Tsafe ya ga wani yana jan rago, igiya ta yanke masa ƙafa har ta nutse cikin nama. Baffa ya durƙusa ya kwance ragon, mai rago ya ci kwalarsa, kasuwa ta taru ana cewa ciwon ya tashi. Ni aka kira daga tasha na zo na ɗauke shi. A mota ya ce mini, "Ba ciwo ba ne, ɗana. Yau kaina shiru. Jini na gani."

Labarin da aka ba mu a gida gajere ne. Ciwon ya same shi yana sabon aure, dangin matar suka zo suka ɗauke 'yarsu. Baba, da yake shi ne mai hali ko da yake ƙane ne, ya kai shi bayan Bungudu. Bai koma duba shi ba, don mai maganin ya ce ganin dangi yana karya magani. Baba yakan ce, "Wurin nan na da sa'a. Mutum ya tahi yana faɗa da bango, ya dawo kamar an yi ruwa an ɗauke." Abin da ba ya haɗawa a labarin shi ne, Goggo ce ta je ta ɗauko shi, kuma ba gida ta kawo shi ba, gidanta na Gusau ta wuce da shi. Ya daɗe a can ba mai ganinsa. Ita ce ta fara kai shi asibiti, aka ɗora shi a kan allura.

Da na samu mota, kai shi asibitin nan ya dawo wuyana. Duk wata, gidan gaba, da hularsa da sandarsa. Ya tsani maganin kamar me. Yana sa hannunsa rawa, ga mai tufka, yana sa shi barci kamar kasa, wani lokaci yawu ya zubo masa bai sani ba. Amma bai taɓa cewa ba zai je ba. Lokacin da hanya ta lalace da 'yan bindiga muka ajiye motoci, allurarsa ta wuce, kasuwa ta ci sosai, har ya daina gane sallamar mutane. Ranar da aka ce hanya ta buɗe, shi ya zo ya buga mini ƙofa da sanda, ya ce in tashi kafin muryoyin su hana shi.

A wani zuwa da muka yi, lokacin Auta ya fara canzawa, na yi ƙarfin hali na tambayi likitan. Na ce, "Likita, don Allah ciwon nan gado ne?"

Mutum ne mai haƙuri, ya ajiye abin da yake yi. Ya ce sunan ciwon sikizofiriniya. Ya ce ƙwaƙwalwa cike take da ƙananan ƙwayoyi masu aika wa juna saƙo, amma ba a manne suke ba, tsakanin kowace da 'yar'uwarta akwai 'yar tazarar da ido ba ya gani. A bakin tazarar akwai wasu sinadarai na furotin, su ke tattara saƙo, su sake shi, wasu su karɓe shi a ɗaya gefen. Umarnin ƙera sinadaran nan yana cikin ƙwayoyin gado da muke samu daga iyaye. Sai dai samun umarni daban, aiki da shi daban: jiki kan yi aiki da wani sosai, ya yi sanyi a kan wani. Ya ce masu bincike da suka duba ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da ciwon sun ga a wasu sassa ƙerar waɗansu sinadaran ta ragu ko ta sauya, kuma ana zaton hakan na cikin abin da ke sa saƙo ya isa a karkace, har tunanin mutum na kansa ya dawo masa kamar muryar wani. "Amma ba ƙwayar gado ɗaya ba ce," in ji shi, "suna da yawa, kuma mutum kan ɗauke su har ya tsufa ya mutu bai yi ciwon ba. Har yanzu ba a gama ganewa ba."

Ni kaina ya ɗaure. Baffa kuwa ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Wuta-wuta ke nan."

Likita ya ce, "Na'am, dattijo?"

"Ciyawar da ke kashe dawa. Irinta na kwance cikin ƙasa shekara da shekaru. Gona mai taki ba ka ganinta. Sai ƙasa ta gaji ta fito da jan furenta ta shanye maka dawa. To ka gaya mani, wa ka taɓa gani yana dukan gona don ta fid da wuta-wuta?"

Likita ya yi dariya, ya ce bai yi nisa da gaskiya ba. Baffa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka ce kan matattu sunka buɗe sunka gani?" Likita ya ce e, a wuraren da mutum ko danginsa ke ba da izini, kuma da na'urori ake dubawa, ba abin da ido zai gani ba ne.

Muka kamo hanyar gida, Baffa yana gidan gaba, muka fita daga Gusau. Can ya ce, "In na mutu, ka sa a buɗe kaina a gwada ma ubanka."

Na ce, "Subhanallahi! Baffa, a nan wa zai yarda da wannan? Mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an rufe shi."

Ya ce, "Shi ke nan. In tahi da shaidata ƙasa." Ya juya yana kallon gonaki.

Baffa ne ya fara gane ciwon Auta, tun muna cewa ƙiwa ce. Yaron ya daina zuwa rumfa, ya toshe tagar ɗakinsa da buhu, wai ana leƙensa, ya daina cin abincin gidan. Baffa bai tambaye shi komai ba. Ya kwaso ramarsa ya zauna a ƙofar ɗakin, ya miƙa masa bakin igiya ya ce, "Riƙe mani." Suna cikin haka ya ce, "Kasuwa na ci?" Auta ya ɗago ya dube shi, rabon da ya dubi idon mutum har mun manta. Baffa ya ce, "Mi suke ce maka?" Auta ya faɗa masa a kunne. Baffa ya taɓe baki, ya ce, "Nawa ma haka suke cewa. Ba su da sabon zance. Kada ka yi ciniki da su, ka ji ko?" Daga ranar sai a kwanon Baffa Auta ke cin abinci.

Na roƙi Baba ya bar ni in haɗa su biyun in kai asibiti. Abin da ya ce mini shi ne gindin duk wannan bala'i. Ya ce, "Iska kowa tana iya shiga, ƙaddara ce. Amma in ka kai shi Gusau inda kowa ke gani, anka ce ciwon ubansa babba ne, anka ce gado ne, wa zai ƙara neman aure gidan nan? Ƙannenka mata fa? 'Ya'yanka fa? Wanda duk ya kai mani ɗa asibitin mahaukata, ban yafe ba." Wanda ya tashi a gida irin namu ya san nauyin wannan kalma daga bakin uba. Ta ɗaure ni tamau.

Rigimarsu ta ƙarshe a zaure aka yi ta, bayan la'asar, ga abokan cinikin Baba zaune. Baba ya ce ya aika bayan Bungudu, an ce a kawo yaron. Baffa yana bakin ƙofa da igiyarsa, ya ce, "Ba a kai shi."

Baba ya ce, "Yaya, tsaya matsayinka. Abin da ya shige ka shi ya shige shi, kuma can anka fid da naka."

"Can ba a fid da komi ba."

"To mi ya sa ka dawo shiru?"

Baffa ya ajiye igiya. Ya sunkuya ya kama bakin safarsa ta dama da yatsu biyu. Ya daɗe a haka, ina kallonsa, ban gane me yake nufi ba. Ya ɗago ya dubi baƙin, ya dubi ƙanensa, sai ya saki safar ya gyara ta. Ya ce, "Ka bari sai na mutu."

Baba ya juya ga baƙinsa yana murmushin kunya, ya ce, "Ku yi haƙuri, kun san lalurarsa." A gabana aka faɗi wannan, ga mutumin da ya goya shi. Baffa ya miƙe. Ya kwashi tabarmarsa ya mayar ƙofar ɗakin Auta, can ya koma da zama da kwana, kuma muddin yana raye ba wanda ya iya tsallake shi.

Zazzaɓin damina ne ya kayar da shi, bai daɗe a kwance ba. Da safen da zai cika na leƙa shi, na ce, "Baffa, kasuwa fa?" Na so ya ce ta watse. Ya ce, "Tana ci. Ko yau ba su bar ni ba." Da hantsi ya yi kalmar shahada a tsakiyar surutun nan, ya tafi. Kafin a kawo likkafani Baba ya sa an danna wa ɗakin Auta kwaɗo, wai kada ya fito gaban mutane.

Baba ne ya yi wankan, ni ina zuba ruwa, liman yana bakin ƙofa yana faɗa mana abin da za mu yi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baba ya kama safar dama ya zare.

Inna lillahi. A saman idon sawu akwai rami da ya zagaye ƙafar, babban yatsa zai kwanta a ciki. Fatar wurin fara ce tana sheƙi kamar tsohuwar ƙuna, naman ya cinye har ƙashi. Ya zare ta hagu, ita ma haka, ita har ƙashin ya karkace ya warke a haka. Sawun mari ne, ƙarfen da ake ɗaure mutum da shi. Da muka juya shi, bayansa layi-layi, tun daga kafaɗa har ƙugu. Hannun Baba ya tsaya cak. Ni kuma ruwan butar yana ta zuba a ƙasa ban sani ba.

Liman ya ce, "Lafiya dai?"

Baba ya ce, "Lafiya." Sannan ya rage murya, bai dube ni ba, ya ce, "Mai wankan gawa ba ya faɗin abin da ya gani."

Haka aka koya mana, gaskiya ne. Na ɗauki safar daga ƙasa na cusa a aljihu.

Da aka dawo daga maƙabarta na shiga wurin Goggo, na fiddo safar na nuna mata. Na ce, "Kin sani?"

Ta ce, "Ni na yi jinyar ƙafafun nan. Da tsinke na riƙa fid da tsutsa. Ni na sayo mishi safa ta farko. Ya sa na rantse ubanka ba zai gani ba. Ya ce, ƙanena da niyyar alheri ya kai ni, in ya ga wanga ba ya ƙara barci a duniya." Ta share ido da bakin zane. "Ya yarda gari ya kira shi mahaukaci saboda safa, don dai ubanka ya yi barci. Ubanka kuwa ya yi, har da minshari."

Na ɗauka magana ta ƙare, gani ya kori ji. Ina! Washegarin addu'ar uku, ina wanke mota, Baba ya fito da babbar rigarsa ya ce, "Fid da ita, mu tahi." Na ce ina? Ya ce inda aka shirya. Na ce, "Baba, bayan abin da muka gani?" Ya ce, "Wancan zamani ne. Ɗan mai maganin ya ce yanzu ba su dukan kowa. Kuma na riga na ba mutane magana." Kai, ban taɓa jin zuciyata ta yi baƙi irin na safiyar nan ba.

Aka fito da Auta, ya rame, yana riƙe da guntun igiyar da ba su gama tufkawa ba. Goggo ta ce a rage mata hanya zuwa gidanta, ta shiga baya kusa da shi. Baba ya zauna a gidan gaba, mazaunin Baffa. Kafin in tayar da mota na fiddo safar na shimfiɗa a gaban gilashi. Baba ya gani, ya kau da kai.

Daga 'Yandoto zuwa Bungudu dole ka ratsa Gusau. Da muka iso inda hanyar Bungudu ke miƙewa, ta asibiti ta karya, na sa sigina na karya.

Baba ya ce, "Ba nan ba ce hanya."

Na ce, "Nan na saba bi da Baffa."

"Ka manta abin da na ce maka?"

Na gangara gefen titi na kashe mota. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba tun da nake. Na zare makulli na ajiye a cinyarsa. Na ce, "Ban manta ba. In Bungudu za a je, ga makulli, tasha cike take da direbobi. Amma ka ɗauki safar nan ka tafi da ita, Baba. Auta zai buƙace ta in ya dawo."

Goggo ta fashe da kuka a baya. Auta yana ta murza igiyarsa, bai san ana yi ba. Baba ya miƙa hannu ya ɗauki safar. Duk ta sha ɗinki a dunduniya, ɗinkin Baffa na hannu mai rawa. Ya juya ta, ya sake juyawa. Masu babur suna ta wuce mu suna hon. Can ya ɗauki makullin ya miƙo mini, ya ce, "Tuƙa."

Na ce, "Ina?"

Ya ce, "Inda ka saba."

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Baba bai sauka daga motar ba, a cikin rana ya zauna da safar a cinya har muka fito. Har yau bai buɗi baki ya ce ya janye kalmarsa a kaina ba, ina gaishe shi yana amsawa, shi ke nan. A gari cewa yake yi Auta ya tafi Gusau koyon sana'a. Auta yana gidan Goggo, a ɗakin da Baffa ya yi jinya, yana karɓar magani. Hannunsa ya fara rawa, wata rana kasuwa ta ci, wata rana ta watse. Amma ƙafarsa lafiya lau, silifa yake sawa.

Na tambayi wani malami a tasha game da abin da na gani wurin wanka. Ya ce abin da aka hana a faɗa aibin mamaci ne. To wannan ba aibin Baffa ba ne, namu ne, shi ya sa na faɗa. Abin da ke ƙona mini rai, yatsu biyu kawai ya rage ya ja safar nan a zaure, a gaban baƙi, magana ta ƙare tun yana raye. Ya duba fuskar ƙanensa ya fasa. Mu kuwa ba mu taɓa duba tasa fuskar mun fasa komai ba. Sai da ya zama gawa, ba ya iya riƙe safarsa, sannan aka saurare shi.

Ba a buɗe kanka ba, Baffa, ka tafi da shi ƙasa yadda ka ce. Ƙafarka ce ta ba da shaida. Allah ya jiƙanka, ya watse maka kasuwar nan har abada, ya sa ka ji shirun da ba ka taɓa ji ba a duniya, ya ba ƙafafunka inda za su miƙe ba mari. Har jiya a tasha wani ya tare ni ya ce, "Ashe Mai Safa ya huta? Ai shi ba ya da hisabi." Na dube shi na ce, to, shi in an ɗauke masa alƙalami, mu da muka ɗaure shi ba a ɗauke mana ba.